Gishiri, sikeli da inji: lacca ga masu wankin ƙoda da masu jinyarsu

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Baba, matso gaba ga kujera nan, kada ka tsaya a kan wannan ƙafar.

An ce in yi magana a kan zama da wankin ƙoda, na kuwa rubuto abu biyar a takarda: ruwa, gajiya, ƙaiƙayi, hannu, da barci. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin wanki, kuma kukan da nake ji kullum bai wuce waɗannan ba.

Amma bari mu fara da ɗan lissafi. Ƙoda mai lafiya ba ta zuwa hutu. A yini ɗaya tana tace ruwa kusan lita 180 daga jini, ta mayar da kusan duka cikin jiki, ta fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Mako guda awa 168 ne. Injin wankin kuwa, mai yin aikin ƙodar, yawanci awa 4 ne sau 3 a mako, awa 12 ke nan. To sauran awa 156 ɗin a hannun wa suke? A hannunku, a gida.

Injin nan ma, ku sani, ba tsoho ba ne can. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya haɗa na farko da ya yi aiki sosai a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da gangar katako da ledar da ake ɗura nama a ciki. Mutum fiye da goma na farko da ya gwada wa kusan duk sun rasu, bai fasa ba. Sai a 1945 wata dattijuwa mai shekara 67 ta tashi. Ina son labarin nan, shi ya sa na sako shi.

To, na ɗaya, ruwa. Me ya sa muke ɗora ku a sikeli kafin komai? Wani ya taɓa ce min, "Sista, kullum sai an auna ni kamar za a sayar da ni." (Dariya.) Dalili shi ne kowa yana da nauyinsa na gaskiya, wanda babu ruwan da ya taru a ciki, muna ce masa busasshen nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Idan ka tafi da kilo 60 ka dawo da 65, ba ƙiba ka yi a kwana biyu ba. Ruwa ne lita biyar kake ɗauke da shi.

Na san wannan mutumin tun daga bakin ƙofa. Ya take bayan takalmi saboda ƙafa ta ƙi shiga. Fuska ta yi suntum. Yana magana yana haki. Ka tambaye shi yadda ya kwana, ya ce a zaune, da filo uku, don in ya miƙe numfashi ɗaukewa yake yi. Ruwan ya kai huhu ke nan.

Yanzu ku saurare ni nan, domin in kun riƙe wannan kaɗai, zuwanku ya yi amfani. Ruwan nan yana kwance ne a cikin nama, a ƙafa, a ciki, a huhu. Inji kuma daga jini kawai yake iya ja. Sai ya ja daga jini, sannan na cikin nama ya tsiyayo a hankali ya cike gurbin. In aka ce a zare lita biyar cikin awa huɗu, inji yana ja da gudu, nama yana bayarwa da rarrafe. Sai awon jini ya faɗi. Daga nan ne ake samun jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, amai, da ɗaurewar ƙafar nan da ke sa babban mutum ihu. Sai a ce injin yau ba shi da kyau. Injin jiya ne dai, kaya ne suka yi masa yawa.

Alamar farko sau da yawa hamma ce. Hamma a jere, ba dalili. Da ka ji ta, ko ka ji ido yana duhu, kira mu. Kada ka ce za ka daure don kada ka dame mu. Za mu kwantar da kai, mu ɗaga ƙafa, mu rage jan ruwa, in ta kama mu sa ruwan gishiri kaɗan ta jijiya, wani lokaci a sanyaya ruwan wankin. Ƙafa in ta ɗaure, a miƙe ta a tanƙwaro yatsun wajen gwiwa. Maganin hawan jini kuma, ku tambayi likita ko kafin wanki za ku sha ko bayansa, kada kowa ya yanke wa kansa.

Za ku ce, to Sista, ƙishirwa fa? Na sani. Wallahi na sani. Na ga mutum yana kallon kofin wani kamar zai yi kuka. Amma ƙishirwar nan ba rashin haƙuri ba ne, gishiri ne yake kiran ruwa. Wanda ya ci gishiri dole ya sha, ko da waliyyi ne. Shi ya sa faɗan "kada ka sha, kada ka sha" ba ya aiki muddin tukunya tana nan yadda take. A tukunya ake yaƙin. Gishirin yini gaba ɗaya kada ya wuce gram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke ɓoye a burodi, kayan gwangwani da sinadarin ɗanɗano. Makon farko abinci zai yi lami, ba zan ɓoye muku ba. Bayan 'yan makonni harshe yana sabawa.

Kuma don Allah, gishirin nan da ake tallarsa wai na masu hawan jini, kada ku taɓa shi. Fotasiyam ne a ciki, wanda ƙodarku ba ta iya fitarwa, in ya taru yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Tunda na zo nan: ayaba, lemu, tumatir, dankali, duk suna da shi da yawa. Dankali a yanka ƙanana, a dafa da ruwa mai yawa, a zubar da ruwan.

Nawa za a sha? Yawanci rabin lita a kan adadin fitsarin da ka yi jiya, amma likitanka ne zai ba ka naka. Zuba na yinin a gora ɗaya da safe, kana gani yana sauka. Ƙaramin kofi. Tsotsi ƙanƙara maimakon kwankwaɗa. Kurkure baki ka zubar. Shayi ruwa ne, romo ruwa ne, kankana ruwa ce. Mai ciwon suga kuma ya lura, in suga ya hau ƙishirwa tana ƙaruwa. Sannan hutun nan mai tsawo, masu Litinin, Laraba, Juma'a: daga Juma'a zuwa Litinin kwana biyu ne cur ba wanki, kuma a nan aka fi samun haɗari. Gishiri dai, jama'a, gishiri.

Kai, lokaci ya tafi haka? To na uku. A'a, na biyu, gajiya. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙo ya yi jini, in ta gaza jini ya yi ƙasa. Allurar ƙarin jini da ayon, wato sinadarin ƙarfe, da ake ba ku don haka ne, kada ku tsallake. Ku ci nama, kifi, ƙwai gwargwadon yadda aka tsara muku, don inji yana ɗebe furotin. Ku riƙa ɗan takawa.

Ƙaiƙayi, sau da yawa fosfaras ne, wani sinadari na cikin abinci, ya taru a jini, ga bushewar fata. Ƙwayar da ke kama shi tare da loma ake shanta, ba bayan awa biyu ba. Mai a jiki bayan wanka, ruwa kada ya yi zafi, a yanke farce.

Hannu. Jijiyar da aka haɗa muku, fistula, ba waccan ta yoyon fitsari ba, suna ne ya zo ɗaya. Kowace safiya ɗora yatsa ka ji tana kurr kamar mage. Ranar da ka ji shiru, asibiti a take. Ba awon jini a hannun, ba allura, ba agogo mai matsewa, ba kwanciya a kansa. Wanda ake yi wa wanki ta robar da aka sa masa a wuya kuma, kada ta jiƙe, zazzaɓi ko rawar sanyi ba a kwana da su a gida. Saura... na'am, Hajiya? A ba ta abin magana.

"Sista, sannu da ƙoƙari. Ni maigidana ne. Tun da aka fara wankin nan ya daina hira, ya daina fita. Ranar zuwa sai ya juya bango ya ce ya gaji, a ƙyale shi. In na matsa ya yi fushi. Ya zan yi?"

Allah sarki. Hajiya, sannu. Barcin nan mu bar shi, wannan ya fi shi.

Tsallake wanki ba ya yiwuwa, wannan kam ba sassauci, kin ji abin da na ce kan fotasiyam da ruwa. Amma gajiyar da yake faɗa gaskiya ce. Mutum yana riƙe da gidansa, rana ɗaya ya koma ana auna masa ruwan sha. Ciwon damuwa yana kama masu wanki da yawa, ciwo ne kuma da ake magani, ba raunin imani ba ne. Ki gaya wa likitansa kalma da kalma yadda kika gaya min. A duba jininsa, a duba ko ana zare masa ruwa fiye da kima ne yake fita a wujijjige, don wani tsoron jirin ne yake hana shi zuwa, ba ya dai faɗa. A kuma tattauna da shi, shi kansa, ko wankin ciki da ake yi a gida zai dace da shi, ko dashen ƙoda.

Ke kuma ki sauke aikin ɗan sanda. In ya yiwu tukunya ta zama ɗaya, ku ci marar gishirin tare, kada a ware masa kwanonsa a gefe. Gorar ruwan ki bar ta a hannunsa, shi zai riƙa lissafi. Akwai waɗanda suka shekara goma a kan injin nan suna zuwa aikinsu, ki bari mu zaunar da shi kusa da ɗaya daga cikinsu, abin da zai ji daga bakinsa ba zai ji daga nawa ba.

Yaushe ne wankinsa na gaba? Gobe? To ki tsaya in an tashi, ki ba ni sunansa da lokacin, ni zan tarbe shi a wajen sikeli.