Darasi: neman tsoffin sulalla da na'urar gano ƙarfe a ƙasar kuza

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Yau mun baro cikin Jos, muna wata gona a gefen Bukuru. An sha ruwa daren jiya, ƙasa ta yi laushi, kuma irin safiyar da nake so ke nan: tono ba wuya, na'ura ma ta fi ji da zurfi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙanena ne ke riƙe da waya, in kun ga hoto yana rawa, sanyin Filato ne ke kaɗa shi.

Wannan abin da ke hannuna mutanenmu suna ce masa injin neman zinare, don an fi ganinsa wurin masu haƙa. Ni ba zinare nake nema ba. Tsoffin kuɗi nake bi, anini da kwabo da sule, waɗanda suka zube daga aljihun kakanninmu.

Kafin in kunna, ku ji yadda muka shigo gonar nan. Makon jiya na zo hannu rabbana, sai goro kawai. Na gaida Baba mai gonar, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, shi ya kai ni wurin mai unguwa. Duk wanda ya san Jos ya san ba garin da baƙo zai faɗa gonar mutane da sanda mai ƙara yana tone-tone ba ne. Kafin ka gama bayani an taru a kanka. Mun kuma yi magana tun farko: abin da ya fito a gabansa za a baje, rami kuma in na tona zan mayar.

Baba, ranka ya daɗe, a ina ka ce ake cin kasuwar?

[Baba ya nuna gindin mangwaro] "Can, daga bishiyar nan zuwa bakin hanya. Mahaifina ya ce ranar biyan leburori ba ka samun wurin taka ƙafa."

Kun ji. Wannan maganar ta fi na'urar tsada. Kuɗi ba ya faɗuwa a dawa, inda ake ciro shi daga aljihu yake faɗuwa: tsohuwar kasuwa, barikin leburori, bakin rijiya, inuwar da ake dara. Tsofaffi su ne taswirarka. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya yana zuwa har Bukuru kafin a rufe layin a 1957, kuma duk inda ya taɓa tsayawa an yi ciniki.

To, na'urar. Wannan faifan na ƙasa waya ce a nannaɗe a ciki. Ɓangare ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen ya mayar da amsa, ɗaya ɓangaren ya kama, sai ka ji ƙara a kunne, lamba ta fito a allo. Ƙusa da guntayen baƙin ƙarfe suna ba da ƙaramar lamba da murya mai kauri. Jan ƙarfe da azurfa suna ba da babbar lamba da siririyar murya. Ba ta ganin hoton komai a ƙasa. Sulalla guda ɗaya, yawanci daga santimita 15 zuwa 25 za ta jiyo shi, wato kamar taƙi ɗaya. Wanda ya ce maka ƙaramar na'ura irin wannan tana hango tukunyar zinare a zurfin rijiya, kuɗinka yake so. Sunayen da aka sani a harkar su ne irin Garrett da Minelab da Nokta da Fisher, amma jabunsu ya cika kasuwa, don haka ka tafi da sulallarka ka gwada a gaban mai shago.

Yanzu ga inda Jos ta bambanta da sauran wurare, kuma a nan nake so ku natsu. Matso da wayar nan. Ga maganaɗisu, bari in goga shi a ƙasa. Kun ga baƙin yashin da ya manne? Ƙasar nan an shekara aru-aru ana juya ta ana wanke kuza, abin da aka bari a baya cike yake da ma'adinai masu ƙarfe. Ga kuma jar marmara. Na'ura tana jin wannan duka. In ka kunna ka fara tafiya haka nan, za ta yi ta surutu kamar kasuwar Farin Gada, kai kuma ka yi ta tona iska. Ranar farko da na fita, ramuka na yi ta tonawa har azahar, ban samu ko ƙusa ba, na koma gida ina cewa an sayar mini da mushe. Ashe laifina ne.

Maganinsa shi ne ka sa ta saba da ƙasar wurin. Nemi inda babu ƙarfe, danna maɓallin daidaita ƙasa ka riƙe, ka ɗaga faifan kamar taƙi ɗaya, ka sauke har ya kusa taɓa ƙasa, ka ɗaga, ka sauke. [ƙarar na'ura tana raguwa] Kun ji ta yi shiru? Ta haddace muryar ƙasar, yanzu abin da ya saɓa da ita kawai za ta faɗa. In ka bar jar ƙasa ka shiga baƙa, ka sake. A gona ɗaya nakan sake sau uku.

Sai ƙarfin ji. Sabon shiga yakan murɗe shi har ƙarshe, wai don ta ji da zurfi. Kamar ka kunna babbar fitilar mota ne cikin hazon hunturu, farin kawai za ka gani. Ka rage har sai ta daina ƙananan ƙorafe-ƙorafe. Ka nisanci wayar wuta da taransifoma, wayar aljihunka ma ka kashe ta ko ka ba wani.

Akwai kuma tankaɗe, wato ka ce mata ta yi watsi da ƙananan lambobi. Ni ƙusa kawai nake cirewa. In ka tankaɗe da yawa za ka zubar da tsaba tare da dusa, domin yawancin kwabban Turawa masu huji haɗin jan ƙarfe ne da nikel, a tsakiyar allo suke faɗowa, kusa da inda tarkacen alminiyon ke faɗowa. Shawarata, ka binne sulalla biyu ko uku a tsakar gidanka, da ƙusa, da murfin kwalba, ka yi mako kana wucewa a kansu. Kunne ake koya wa aikin nan, lamba tana yin ƙarya.

Mu tafi. Faifai a kwance, dab da ƙasa, kamar mai sharar tsakar gida. Kada ka riƙa ɗaga shi a ƙarshen lilo. Taku ɗaya, lilo ɗaya, kowane lilo ya hau rabin na baya.

[ƙara mai kauri] Wannan ƙusa ce ko guntun garma, mu wuce.

[siririyar ƙara] Tsaya. Ga yadda ake tantancewa: ka wuce a kansa daga dama zuwa hagu, sannan ka juya jikinka ka wuce daga wata fuskar, kamar kana zana gicciye. In muryar ta tsaya iri ɗaya ta kowace fuska, a tona. Wannan tana tsinkewa ta gefe ɗaya. Ina zargin murfin lemo, amma bari mu tona don ku gani. Kada ka soka shebur a kan abin kai tsaye, ka zagaye shi, ka ɗago ƙasar dunƙule guda. Ga shi nan. Murfin kwalba. In ka fita sau goma, irin wannan ne zai cika maka jaka, kuma ba a mayar da shi, a jaka ake tafiya da shi, in ba haka ba gobe kai ne za ka sake tono shi.

[bayan kusan minti arba'in]

Jama'a, ku saurari wannan. Dama, hagu, murya ɗaya. Na juya. Murya ɗaya. Bismillah. Na ɗago ƙasar, na wuce da faifai a kan ramin, shiru. Ashe yana cikin dunƙulen. Sai a riƙa ɗiba da hannu ana wucewa a gaban faifai, amma ka cire zobe da agogo tukuna. Ba ya nan. Ba ya nan. Yauwa! Kun ga hujin? Baba, zo ka gani.

"Kai! Kwabo ne. Rabona da ganin irinsa tun ina ɗan yaro."

Zuba mini ruwa kaɗan. Ban da gogewa. Ga tauraro mai ƙahoni shida, wanda wasu ke ce wa hatimin Sulaimanu, an rubuta British West Africa a kewaye, shekara a ƙasa: 1942. A ɗaya fuskar ga kambi a saman hujin, ga sunan Sarki Joji na shida, ga rubutun harafin Larabci a ƙasan hujin, don wanda ya yi makarantar allo ya iya karanta darajarsa. Hujin kuwa don a zura a igiya ne a ɗaura a ƙugu. Kuɗin nan ba na Najeriya kaɗai ba ne, da shi ake ciniki a Gana, lokacin tana Gold Coast, da Saliyo da Gambiya, ƙarƙashin hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912.

Shekarar nan ta sa jikina ya yi sanyi. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa, sai aka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 an yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan nan, da yawa ba su saba da wannan sanyin ba, wasu ba su koma gida ba. Mai yiwuwa wanda ya yar da kwabon nan ɗaya ne daga cikinsu, ya zo gindin mangwaron nan sayen ƙosai ko goro. Allah ne masani.

Bari in jera wa yara lissafin, tunda yanzu sai a karin magana ake jin sunayen. Anini goma kwabo ɗaya. Rabin kwabo shi ne ɗari. Kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule. Sule biyu fataka, wasu su ce dala. Sule ashirin fam guda. In ka ji an ce "ko sisi ba ni da shi", ga asalinsa. A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fitar da namu na kanmu, a ranar 1 ga Janairu 1973 kuma aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, shi ya sa har yau dattawa ke ce wa kwabo goma sule.

Abin da za ku sa wa ido: sule da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ne, masu hoton bishiyar kwakwar manja, muryarsu a na'ura zaƙi gare ta. Daga 1920 aka fara rage azurfar, aka koma tagulla. Akwai kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka daga mulki a Disambar shekarar. Akwai kuma babbar azurfar nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Austriya, da fatake suka riƙa shigo da ita Arewa. Kowace 1780 aka rubuta mata, ko da an buga ta shekara ɗari bayan haka, don haka kada shekarar ta ruɗe ka. Su kuwa kwandalolin 1991 da na 2007 akwai baƙin ƙarfe a jikinsu, maganaɗisu yana kama su, na'ura kan yi musu tsalle-tsallen lamba.

Wankewa: ruwa, da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka shanya. Ban da toka, ban da lemon tsami, ban da ruwan batir, ban da sosan ƙarfe. Duhun da ya hau jikinsa masu tara sulalla suna sonsa a haka, wanda aka kankare ya yi ƙyalli ya rasa daraja.

Na san tambayar da ke bakinku: nawa za a saya? Wannan kwabon an buga irinsa miliyoyi, ko kuɗin batirin yau da wuya ya mayar. In wani ya kira ka ya ce akwai Bature mai biyan miliyoyi a kan kwabo mai huji, amma ka fara turo kuɗin gwaji, ka kashe wayarka.

Sai maganar hukuma, kuma a Filato ba wasa ba ce. A cikin ramukan kuza aka fara tsintar gumakan yumɓu na Nok a 1928, kuma irin waɗannan tsintuwar ne suka kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, ƙarƙashin Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta hana fita da su waje ba takarda. In shebur ɗinka ya taɓa kan gunki, ko tukunya, ko tsohuwar maƙera, ka tsaya, ka ɗauki hoto, ka rufe, ka kai rahoto gidan tarihi. Ma'adinai kuma na gwamnatin tarayya ne, neman zinare ko kuza sai da lasisi. Maƙabarta, wurin bauta na kowane addini, da harabar sojoji, ba ruwanka da su. In ka tono harsashi ko abin da ba ka gane ba, kada ka taɓa, ka sanar da 'yan sanda. Zobe ko ɗan kunne na zamani kuwa tsintuwa ce, a yi cigiya, ka tambayi malami hukuncinta.

Ka kuma duba inda kake taka ƙafa. Ramukan loto, wato zurfafan ramukan da masu haƙar kuza ke tonawa da hannu, suna ɓoye cikin ciyawa da damina, kududdufan kuza suna da zurfin da ido ba ya nunawa. Kada ka fita kai kaɗai, kada magariba ta same ka a fili.

Bari in mayar da ƙasar nan in taka ta. Baba, ga kwabonka, a gonarka ya fito.

"A'a, ɗana, riƙe. Amma in ka samu sule, nawa ne."

To, an ji. Hadari ya taso daga gabas, ɗauko jakar mu ƙarasa layin nan zuwa bakin hanya kafin ya sauko.