Bjorn Borg, gwanin da ya tashi kasuwa na tsakiyar ci

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu leƙa ƙasar Suwidin, kan wani ɗan wasan tanis da ya yi ritaya tun 1983, amma har gobe sunansa bai bar bakin mutane ba. Bjorn Borg ke nan, haifaffen 1956, wanda ya tashi a garin Sodertalje kusa da Stockholm.

Mafarin abin kyauta ce. Mahaifinsa ya ci gasar ƙwallon tebur aka ba shi raket na tanis, ya miƙa wa yaron, shi kuwa ya dinga dukan ƙwallo a jikin ƙofar gareji har hannu ya faɗa. Yana ɗan shekara 15 ya fara buga wa ƙasarsa gasar Davis, a 1975 kuma ya ja ta ta ɗauki kofin.

Duniya ta san shi da sanyin rai. Ko alƙalin wasa ya zalunce shi, ba ya ɗaga murya, fuskar nan kamar an ɗaure ta. To amma ba haka aka haife shi ba. Yana yaro zuciya gare shi, jifa da raket yake yi, har kulob ɗinsu ya dakatar da shi na watanni. Haƙurin nan koyonsa ya yi, kuma a ganina shi ne babban makaminsa, ya fi ƙarfin damtsensa.

Ya ci manyan gasanni 11: shida a Paris ta Faransa, biyar a jere a Wimbledon ta Landan daga 1976 zuwa 1980. Ku lura, filin Paris jar ƙasa ce, ƙwallo na tafiya a hankali tana tashi sama. Na Landan ciyawa ce, ƙwallo na sulɓewa kamar kifi. 'Yan makonni ne tsakaninsu, amma sau uku a jere yana haɗa su a shekara guda.

Wasan ƙarshe na Wimbledon a 1980 shi ne wanda ba a mantawa. Ga Borg da dogon gashi da ƙyalle ɗaure a goshi, ga gemun da ba ya askewa sai an gama gasa. Ga John McEnroe na Amurka, sarkin faɗa da alƙalai. A turmi na huɗu aka shiga raba gardama, McEnroe ya ƙwace da 18 da 16. Wani da nan gwiwarsa za ta sage. Borg ya koma ya ɗauki ƙwallo kamar ba abin da ya faru, ya cinye turmi na biyar 8 da 6.

Gasar Amurka ce ta gagare shi, sau huɗu yana zuwa wasan ƙarshe yana faɗuwa. A na 1981, da McEnroe ya doke shi, ko bikin ba da kofi bai tsaya ba. Yana da shekara 26 ya ce ya gaji. Ya dai sake gwadawa a 1991 a Monte Carlo, riƙe da raket ɗin katako alhali kowa ya bar yayinsa, aka fitar da shi a wasan farko.

A bayansa Suwidin ta fitar da Mats Wilander da Stefan Edberg. Kuma a 2007, ranar da Roger Federer ya kamo tarihinsa na biyar a jere a Wimbledon, Borg na zaune cikin 'yan kallo, gashi ya yi fari fat, yana tafa masa.