Amsoshin Tambayoyinku: Wace Matatar Ruwa Ta Dace da Gida?

Assalamu alaikum masu sauraro. Saƙonninku na wannan mako sun fi karkata ga ruwan sha, shi ya sa muka gayyato wani malami masanin tsabtar ruwa a nan Jos domin ya taya mu amsawa.

Wani bawan Allah daga Bukuru yana tambaya ko tace ruwa da ƙyalle ya wadatar. Bai wadatar ba, domin ƙyalle yana tare ƙasa da ɗan tarkace ne kawai, ƙwayar cuta kuwa wucewa take yi abinta.

Sai tambayar da mutane da dama suka aiko, amma zan karanta ta wata uwargida daga Anguwar Rogo. Ta ce ta je kasuwar Terminus, an nuna mata matata iri uku, kowane mai shago yana rantsuwa cewa tasa ce gaba, har ta dawo gida ba ta sayi ko ɗaya ba. Hajiya, a ganina kin yi dabara. Malam, bismilla.

"To, Hajiya, kafin a tambayi matata, sai a tambayi ruwan. Na famfo ne, na rijiya ne, ko na 'yan ga-ruwa? Nan Filato ƙasa ce da aka daɗe ana haƙar kuza, kuma tafkunan da haƙar ta bari suna nan birjik. Muna yara, iyayenmu kan jefa alif a randa, su bar laka ta kwanta, sannan..."

Malam, a gafarce ni, lokaci yana tafiya. A cikin ukun, wacce za ta ɗauka?

"Mai kyandir na yumɓu, wato sandan yumɓu mai siffar kyandir da ruwa ke ratsawa, wadda ake zuba ruwa a tukunyar sama ya riƙa ɗiga zuwa ta ƙasa, tana tare laka da yawancin ƙwayoyin bakteriya, ba ta kuma buƙatar lantarki, sai dai ƙwayoyin bairos kan iya tsallake ta. Mai gawayi tana gyara ɗanɗano, ta cire warin kulorin na ruwan famfo, amma ba a dogara da ita wajen kawar da ƙwayar cuta. Ta ukun, wadda ake kira RO, mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata 'yar fata mai ƙananan ƙofofi, ita ce ke rage gishirin da ya narke a ruwa da dalma, sai dai tana da tsada, tana son ruwa mai ƙarfin gudu, kuma tana zubar da wani kaso na ruwan."

Bari in maimaita domin wanda bai ji da kyau ba. Mai ruwan famfo da wari ya dame shi ya nemi ta gawayi. Mai ruwan rijiya ko na ga-ruwa ya nemi mai kyandir, sannan ya tafasa ruwan da yara za su sha, ya bar shi yana tafarfasa tsawon minti 1. Wanda rijiyarsa ke kusa da tsohon ramin haƙar ma'adinai kuwa ya fara kai ruwan a auna a ɗakin gwaji, domin tafasawa ba ta cire dalma, kuma ba mu manta da yaran da gubarta ta hallaka a Zamfara a 2010 ba.

Ina kuma da ƙorafi a kan magidanta. Na taɓa buɗe matata a gidan wani ɗan'uwa, na tarar kyandir ya yi kore shar da gansakuka, ya kuma tsage ta gefe, amma maigidan yana alfahari cewa iyalinsa tataccen ruwa suke sha. A riƙa goge kyandir da ruwa mai tsabta ba tare da sabulu ba, wanda ya tsage a sauya shi, kuma kafin a biya kuɗi a tabbatar ana samun kayan sauyin a kasuwa.

Wani matashi daga Gangare yana tambaya ko sanyin firji yana kashe ƙwayar cutar kwalara. Ba ya kashewa, ɗana, ka tafasa ruwan tukuna kafin ka sanyaya shi. Ragowar saƙonnin sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.