Sharhi: Wa Zai Yaɓe Mana Gidajen Tarihi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Damina ta ɗauke ƙafa, kuma duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Marwa ko Garwa da ke arewacin Kamaru a 'yan kwanakin nan zai ga abin da ruwa ya bari: katangar da gindinta ya zaizaye, zauren da rufinsa ya lotsa, da soron da aka tokare da itace ana jiran Allah ya hore kuɗin bulo. A kan waɗannan gine-gine da aka yi da ƙasa sharhinmu na yau zai tsaya, da kuma mutanen da suke ɗawainiyar raya su.

A watan Yulin 2025, a taronta na birnin Faris, hukumar UNESCO ta shigar da kufan Diy-Gid-Biy na duwatsun Mandara cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Wurare 16 ne a ƙauyuka bakwai na yankin Mayo-Tsanaga, an jera duwatsunsu ba tare da laka a tsakani ba, tun daga ƙarni na 12 zuwa na 17, kuma ma'anar sunan da harshen Mafa ita ce kufan gidan sarki. Shi ne wuri na farko na al'ada da Kamaru ta samu a wannan jeri, domin biyun da suka gabace shi, Dja da Sangha, dazuzzuka ne. An yi murna, kuma murnar ta dace. Sai dai dutse yana da haƙurin da ƙasa ba ta da shi. Yawancin abin da kakanni suka gina mana a wannan yanki, daga Adamawa har gaɓar tafkin Cadi, da ƙasa aka gina shi, kuma ginin ƙasa da ya yi damina uku ko huɗu ba a taɓa shi ba ya kama hanyar zama tsibi, ko da sunansa yana rubuce a kowace takarda ta duniya.

Mutanen Musgum na bakin kogin Logon sun fahimci wannan magana da wuri, bayan sun kusa yin asara. Ɗakinsu mai tsini da suke kira tolek, wanda ake ɗaga shi da hannu zagaye-zagaye kamar yadda ake ginin tukunya, ba azara, ba ginshiƙi, kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama, ya yi ta raguwa a cikin ƙarni na 20 har ya zama sai an bincika kafin a ga guda a tsaye. A tsakiyar shekarun 1990 ne ƙungiyar al'adunsu, tare da taimakon wata ƙungiya daga Faransa, ta tara tsofaffin da suka rage da sanin aikin a Murla, kusa da Pus, aka haɗa su da samari, aka sake gina gida sukutum. Abin lura shi ne tudun adon da ke jikin tolek, wanda baƙo yake ɗauka kwalliya ce kawai. Shi ne yake raba ruwan sama don kada ya tona hanya ɗaya, kuma shi ne matakalar da mai gyara yake takawa ya hau har ƙoli. Wato tun ranar da aka ɗora ginin an riga an tanadi ƙafar wanda zai dawo ya yaɓe shi.

Idan muka ƙetare kogi zuwa Cadi, za mu tarar da misalai biyu da suke fuskantar juna. A Gawi, ƙauyen ƙabilar Kotoko da ke kusa da Njamena, tsohuwar fadar sarki ta zama gidan adana kayan tarihi, ciki har da abubuwan da aka tono na mutanen Sao, mazauna yankin na zamanin da, kuma mata, waɗanda su ne masu ginin tukwane, su ne suke shafe bango suna zana shi da launin ƙasa. A gabas kuwa akwai Wara, tsohon babban birnin daular Wadai, wanda aka gina fadarsa da jan bulo gasasshe, aka kuma ƙaurace masa a ƙarni na 19 zuwa Abeshe bayan rijiyoyi sun ƙafe. Kayan ginin Wara sun fi na Gawi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma Wara ce kufai, domin babu mai kwana a cikinta.

A fadojin lamidai, wato sarakunan Fulani na arewacin Kamaru, irin ta Rai Buba mai dogayen katangu, wadda masarautarta ta kafu a 1804, da ta Ngaundare mai zaure da rufin jinka da ginshiƙai masu zane, gyara a al'adar da aikin gayya ne: wasu su kawo ciyawa, wasu su kwaɓa ƙasa, magina su hau. Yau an rage fita gayya, an koma tara kuɗi, kuma da kuɗi suka shigo sai siminti ya biyo su. A nan ne nake ganin ɓarna mafi girma take, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta. Bangon ƙasa yana shan danshi daga gindinsa, yana fitar da shi ta jikinsa idan rana ta yi. Idan aka lulluɓe shi da siminti, danshin ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, simintin ya rabu da ita ya tsage, ruwa ya bi tsagar, mai gida kuwa yana ganin bango fes har ranar da zai zube gaba ɗaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to a wannan harka ruwa ya fi ƙadangare saurin gano tsaga.

Ba adalci ba ne a zargi talakan da ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na bulo da kwano. Wanda ya ga ambaliyar 2024 a Yagwa da sauran garuruwan Mayo-Danay, inda gidajen ƙasa suka narke cikin ruwa, ba zai yi wa kowa wa'azin zama a cikinsu ba. Maganar da ake yi ita ce ta 'yan gine-ginen da gari ya san kansa da su: tsohon masallaci, zauren mai unguwa, ƙofar fada, makarantar allon da malamai da dama suka fito daga cikinta.

Mu Hausawan wannan yanki muna da namu kason. Fatake da malamai da suka zauna a Ngaundare, Garwa da Marwa sun zo da sana'o'insu, har da gini, kuma kalmomin sana'ar suna nan a bakin tsofaffi: tubali, azarar giginya da gara ba ta cika ci ba, bakan gizo, indararo, makubar ɗorawa da katsin marina da ake shafawa don ruwa ya zame. A tambayi matashin da yake aikin bulo a yau ko ya taɓa haɗa makuba, za a ji amsa. Idan marina ta mutu, katsi ya tafi tare da ita, haka nan idan maginin ƙarshe ya kwanta dama bai bar almajiri ba.

Kada kuma mu jingina da masu yawon buɗe ido. Tun da aka sace wasu Faransawa kusa da gandun dajin Waza a 2013, matsalar tsaro ta rage baƙin da suke zuwa Rumsiki da sauran wurare, ginin da aka raya domin baƙo kaɗai kuwa ya rasa mai kula da shi ke nan. Abin da yake hannunmu ya fi wannan sauƙi da araha. Ofishin magajin gari yana iya buɗe magudanar da take tara ruwa a gindin tsohon masallaci, ya kuma daina ɗaga titi sama da daɓen gidajen da suka girme shi. Fada tana iya tsayar da rana guda a kowane rani don yaɓe, a sanar a masallatan Juma'a, a biya tsohon magini ladan koyarwa ba ladan aiki kaɗai ba, a ba shi samari biyu ko uku su riƙa tsayawa kusa da shi. Kududdufai suna da sauran ruwan kwaɓa a yanzu, ciyawa ba ta gama bushewa an ƙone ta ba, kuma daga yau zuwa saukar ruwan farko akwai aƙalla wata shida.

Wassalamu alaikum.