Kankana Doguwa, Kankana Mulmulalliya: Daga Ina Bambancin Yake?

Masu kallo, ku dubi macen furen kankana da kyau. A gindinsa akwai ɗan ƙullutu kore mai gashi-gashi. Shi ne zai zama kankanar. In ya fito siriri, doguwa ce ke tafe. In ya dunƙule, mulmulalliya za a samu. Shi ya sa mai kyautata iri ba ya jiran girbi. Ranar da fure ya buɗe ya riga ya ga abin da ke hannunsa.

Abin gado ne. Tun 1937 wani masani a Amurka mai suna Weetman ya nuna cewa ƙwayar gado guda ce ke riƙe da akalar siffar. Kowace shuka tana da kwafinta biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In duka biyun na tsawo ne, a samu doguwa irin Charleston Gray, wadda aka fitar a 1954. In duka na dunƙulewa ne, a samu irin Sugar Baby. In kuwa ɗaya-ɗaya ne, babu mai danne wata, sai kankanar ta fito da siffar ƙwai.

A nan manomi ke shan mamaki. Ya ga mai siffar ƙwai ta yi kyau, ya adana irinta, ya shuka. Sai gona ta rabu uku: a kowane huɗu, kusan ɗaya doguwa, biyu ƙwai, ɗaya mulmulalliya. Ba algus aka yi masa ba, kakanni ne suka sake bayyana.

A 2018 masu bincike a China suka gano mazaunin ƙwayar a kan kromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 3 cikin 11 da kankana ke da su, suka sa mata suna ClFS1. Abin mamaki, a dogayen da suka gwada ragi aka samu: haruffan DNA 159 ne suka ɓace. Tana da 'yar'uwa a tumatir, SUN, ita ma aikinta ke nan. Yanzu da guntun ganyen tsiro ake iya gane siffar, tun kafin fure. Akwai dai wasu ƙananan ƙwayoyin gado da ke ƙara tsawon ko rage shi kaɗan.

Kankanar Japan mai kusurwa huɗu fa? A akwati ake rainon ta, irinta ba ya gadon kusurwa. Wadda ta karkace ko ta tsuke a wuya kuwa, galibi ƙudan zuma ne ba su kai wa furenta isasshen garin fure ba.