Sharhi: Malamin firamare da jarrabawar jiha a Amurka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu leƙa wani ajin firamare ne a Amurka.

Tsakanin Maris da Mayu na kowace shekara, yaro ɗan aji uku, mai shekara takwas ko tara, zai zauna ya rubuta jarrabawar karatu da lissafi wadda jiharsa ta tsara. Malamar da ta kwana ta tashi da shi tun farkon zango tana tsaye a gefe, ba ta da ikon cewa uffan. A makarantu da dama har jadawalin lissafin da ke manne a bango sai an rufe shi da takarda.

Tushen abin dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu ce a Janairun 2002, mai taken kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Niyyar ba ta da laifi, domin ta tilasta a fitar da sakamakon 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da masu naƙasa daban, yadda makaranta ba za ta ɓoye su a bayan masu ƙoƙari ba. Sai dai ta ɗora buri cewa zuwa 2014 kowane yaro ya ƙware, makarantar da ta yi ta faɗuwa kuma ana iya sauya ma'aikatanta.

To, yaro ake gwadawa, amma bulalar a bayan malami take sauka. Kukan malaman shi ne, tarihi da zane da lokacin wasa duk sun matsa gefe don a samu damar bitar tambayoyi. Sakamakon kuma sau da yawa sai yaran sun bar ajin yake fitowa. Ihu bayan hari ke nan.

A birnin Atlanta na jihar Jojiya abin ya kai ga abin kunya. Binciken jihar Jojiya na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a maguɗi, ciki har da goge amsoshin yara a gyara. A 2015 kotu ta sami 11 da laifi. Ba ma wanke su, amma wa ya ɗaura aikin mutum da ladansa a kan fensirin ɗan shekara tara?

A Disambar 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta mayar wa jihohi ikon hukunta makarantu, amma ta bar jarrabawar shekara-shekara daram. A shekarar ta 2015 kuwa, a jihar New York, kusan yaro ɗaya cikin biyar iyayensa suka hana shi zama jarrabawar.