Korona da Almajirai: Yaran da Dokar Zaman Gida Ta Manta da Su

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Najeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu a faɗin ƙasar. Saƙon da rediyo ke ta nanatawa shi ne kowa ya zauna a gida, ya riƙa wanke hannu da sabulu.

To almajiri fa, wane gida zai zauna? Iyayensa suna can ƙauye, wataƙila ma a wata jihar. Makwancinsa zauren malam ne, inda yara ke kwana kafaɗa da kafaɗa. Abincinsa kuwa daga bara yake fitowa, ko daga gidan da yake yi wa wanke-wanke da ɗiban ruwa, ko ɗan dako a kasuwa. Da aka sa dokar kulle, duk waɗannan ƙofofi suka rufe a lokaci guda. A Kano an samu mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, sannan ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaƙaba wa jihar kullen mako biyu, ana farkon azumi. Gidajen da suka saba miƙo wa almajiri tuwo, su ma sai da suka koma auna hatsinsu.

A cikin wannan watan ne gwamnonin arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Mayar da yaro gaban iyayensa abu ne mai kyau, amma yadda aka yi shi ya jawo matsala. Korona takan zauna a jikin yaro ba tari, ba zazzaɓi, don haka na'urar auna zafin jiki da ake haskawa a goshi ba ta isa ta gano shi ba. Sai ga shi an cusa yara cikin mota ɗaya, tafiyar sa'o'i, numfashin wannan na shiga hancin wancan. A Kaduna, cikin yara 169 da aka kawo daga Kano aka yi musu gwaji, 65 an same su da cutar. Jigawa ma ta samu gwammai. Wanda bai bi ta hannun ma'aikatan lafiya ba, kai tsaye ya isa ƙauyen da kakansa tsoho yake, alhali tsofaffi ne cutar ta fi kayarwa.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka koma kallon yaran a matsayin masu yaɗa annoba. Ba su suka kawo ta ba, kuma ba su suka zaɓi shiga motar ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya riga ya faɗa mana: in annoba ta sauka a gari kada a shiga, wanda ke ciki kuma kada ya fita. Da an bi wannan, da an fara ciyar da yaran a inda suke, a rage cunkoson makwancinsu, a yi musu gwaji, a killace su kwana 14 a wuri mai ruwa da abinci, a kira iyayensu a waya, sannan a yi maganar tafiya. Wasu jihohin dai sun killace yaran a sansanoni da isowarsu.

Ɗaliban boko ma sun ɗanɗana. An koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, amma yarinyar da aka ɗora wa farantin talla ba ta da lokacin saurare. Shirin ciyar da 'yan firamare ya tsaya da rufe azuzuwa, kuma rabon kayan abinci gida-gida da aka fara a madadinsa a Abuja da Legas da Ogun aka soma shi. Sai 4 ga Agusta masu rubuta jarrabawar kammala sakandare suka koma, sauran kuma yawanci sai daga Oktoba.

Su wa suka riƙe unguwanni a wannan tsakani? Mutanen da yaƙi da cutar shan-inna ya horar: matan sa-kai masu shiga gida-gida, masu unguwanni, dagatai da limamai. Sun san gidan da aka yi haihuwa, sun san wanda ke kwance ba lafiya, kuma in sun yi magana ana ji. Da su aka bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar. A shekarar ce ma, ranar 25 ga Agusta, aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Annoba ba ta ƙare da korona ba. Mashaƙo ya addabi Kano a 2023, kuma yaran da ba a yi wa rigakafi ba su suka fi kamuwa. A shekarar aka kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma aikin farko na unguwa ne. Malam ya ajiye littafi mai ɗauke da sunan kowane almajiri, garinsu da lambar wayar mahaifinsa, mai unguwa ya riƙe kwafi. Maƙwabta su haɗa hannu a samar wa tsangaya randar ruwa da sabulu da makewayi, masu allurar rigakafi kuma su riƙa tsayawa a can kamar yadda suke tsayawa a gidaje. In aka ga yara biyu ko uku sun kwanta da ciwo iri ɗaya, a garzaya da su asibitin da ya fi kusa, ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a lambarta ta kyauta, 6232.